Duwatsun da Ba a Ɗanɗana Ba

Abu na farko da nake koya wa ɗaliban ilimin duwatsu, bayan riƙon guduma, shi ne cizon dutse. Ba wasa nake ba. A jikin tsaunukan da ke gabashin Manchester akwai wasu duwatsu iri biyu masu ruwan toka, waɗanda ido ba ya iya raba su ko da an sa gilashin ƙara girma. Ɗaya asalinsa yumɓu ne zalla, ɗayan kuma akwai garin yashi a cikinsa, mai laushin da ba a gani. Dabarar da muka gada daga malaman malamanmu ita ce ka ɓantaro ɗan mitsitsi, ka sa tsakanin haƙoran gaba, ka murza. In ya narke sumul kamar sabulu, yumɓu ne. In ka ji garas-garas kamar shinkafar da ba a rege ba, mai yashin ne. Sai ka tofar, ka rubuta. Wanda bai raba su ba taswirarsa ba za ta tashi ba, domin a jerinsu ake karanta inda tsohon kogi ya bi da inda ruwa ya taɓa kwanciya.

Da tallafin karatu na zo ƙasar nan. Na gama digirina na ƙarshe, na maƙale a sashenmu ina koyarwa, irin aikin nan da ake sabunta wa mutum takarda shekara-shekara, kullum zuciya a ɗar-ɗar. A cikin malaman sashen ni kaɗai ce baƙar fata, ni kaɗai ce mai ɗankwali, saboda haka ba a sha wahalar neman wanda za a ɗora wa kula da ɗaliban da ba a saba ganin irinsu a fannin ba. Da farko abin gwanin sha'awa. An ba mu ɗaki, akwai shayi da biskit, akwai wani babban akwati cike da takalman hawa dutse da rigunan ruwa na aro. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka kankama, biskit ne ya fara ɓacewa, sai ɗakin ya bi shi, daga baya aka daina ambaton shirin ma gaba ɗaya. Akwatin kuwa na kinkime shi na kai gidana a unguwar Levenshulme, na tura ƙarƙashin gado, har yau ba wanda ya tambaye ni inda yake. Ɗaliban ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu a kicin ɗina suke samuna.

A cikinsu akwai wata yarinya da har gobe ba na mantawa da ita. Ranar da na fara koyar da ajinsu, kowa ya watse, ita ta tsaya jikin ƙofa tana murza igiyar jakarta. Da na zo wucewa sai ta ɗan russuna ta ce, "Sannu da aiki, Anti." Hausar ta fito a karkace, an naɗe ta da harshen mutanen Birmingham, amma wallahi sai da na ji wani abu ya tsirga mini. Shekarata nawa a ginin nan ba wanda ya taɓa yi mini sannu da aiki.

A Birmingham aka haife ta. Mahaifinta akanta ne, mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya, yayyenta biyu duk aikin asibiti suka nufa. Ita kaɗai ta bauɗe ta ce duwatsu take so, wai tun ranar da makarantarsu ta kai su wani tsohon ramin haƙar dutse ta tsinci ɓawon wata halittar teku a tsakiyar tudu, abin ya hana ta sukuni. Mahaifin bai so ba. Bai hana ba kuma, amma ya gindaya sharaɗi. A ƙarshen shekara ta biyu kowane ɗalibi yana yin makonni a kan tsauni shi kaɗai yana zana taswirar duwatsun yankin da aka ba shi, kuma wannan aikin ne ginshiƙin digirin. Ya ce in ta ci wannan, ta ci gaba. In ta faɗi, ta dawo gida ta fara karatun haɗa magunguna, magana ta ƙare. Ita ma ta amsa da to.

Na ɗauke ta kamar ƙanwata, kuma na cika mata kunne. Na ba ta takalma daga akwatin, na nuna mata yadda ake ɗaure ɗankwali iska ba ta fizge shi ba, da yadda ake gane alƙibla da kamfas ɗin da ake auna kwanciyar dutse, da yadda mace ke kama ruwa a tsaunin da ba ko bishiya. Waɗannan ba a rubuta su a littafin sashe ba, ni ma da kuka na koye su. Sannan akwai ƙa'idata guda da nake maimaita wa kowa har suna kwaikwayona a bayan idona: abin da ba ki tabbatar a gaban dutsen ba, kada ki kuskura ki rubuta shi a littafinki. Na tsani ɗalibin da zai koma masauki ya miƙe ƙafa ya ƙirƙiro abin da bai gani ba. Duk sanda na faɗa sai na buga tebur, ita kuma ta gyaɗa kai.

A shekarar, azumi ya faɗo daidai tsakiyar bazarar Turawa, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa sai wajen goma saura. Makonnin taswirarta suka shige cikin watan tsaf. Na tambaye ta ko za ta iya, ta ce za ta iya. Na yi mata bayanin abin da za ta ci da sahur, na ce ta riƙa fita da sassafe ta sauko kafin la'asar. Na haɗa mata dabino da garin kunu, na raka ta tashar jirgi. Duk wannan surutun da na yi, cizon dutse bai ko gifta mini a rai ba.

A da, malamin da ke duba ɗalibi yakan je masa sau biyu, ni kuma nakan bi ɗalibaina na ga yadda suke. A shekarar an rage zuwan ya koma sau ɗaya, ni kuma an jibga mini ajin bazara saboda an sallami mutum biyu ba a maye gurbinsu ba. Sai na koma kiran waya duk ranar Juma'a.

"Ya aikin, ya azumin?"

"Lafiya lau, Anti. Alhamdulillah."

"Ba wata matsala?"

"Babu, Anti. It's fine, wallahi."

Sai in ce madalla, in ajiye waya, in koma kan takardun da nake dubawa. Ni da aka haifa a Kano, ni da na ga kakata a gadon asibiti ana tambayarta jiki tana cewa da sauƙi, ni ce na karɓi "lafiya lau" daga bakin 'yar Hausawa na yi filo da ita har Juma'a huɗu. Da Baturiya ce ta yi wannan sakarcin da na ce ba ta sani ba ne.

Ana saura kwana uku salla, malamin da ke duba aikinta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Dattijo ne dogo, mai farin gemu, ya fi sakewa da duwatsu fiye da mutane, amma ba shi da mugunta ko ta anini. Ya ajiye hotunan shafukan littafinta a gabana. Zanenta tsaf, awonta daidai, rubutunta kamar na inji. Sai dai duk inda ta gamu da dutse mai ruwan toka, abu ɗaya ta rubuta: ba a tantance ba. Shafi bayan shafi haka. Rabin taswirar fari fat, ba launi. Ya ce ya ɓantaro dutse ya miƙa mata ya ce ta ciza a gabansa, ta karɓa ta riƙe, ta sunkuyar da kai, ba ta ciza ba, ba ta kuma ce komai ba. Ya jira ya gaji. A ganinsa ƙyanƙyami take ji, kuma mai ƙyanƙyamin ƙasa ba zai yi nisa a aikin nan ba. Ya ce ko zan lallashe ta ta koma wani fannin da ba a fita daji, tun lokaci bai ƙure mata ba.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji leɓena a bushe, harshena ya manne. Azumi nake. A take na gane.

Da na yi masa bayani, fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ya ce shi a gabanta ya zauna ya ci burodinsa ya sha shayinsa, har ya miƙa mata ta ce ta ƙoshi. Ya yi ta tambayata me ya sa ba ta faɗa ba. Na rasa ta inda zan fara. Yarinya 'yar shekara ashirin, ita kaɗai mai ɗankwali a ajinsu, shekara biyu tana taka-tsantsan kada a ce ga ta nan ta zo da nata daban, ga kuma dattijo sa'an kakanta tsaye a kanta. Na san malamai sun yi bayani a kan ɗanɗanon da ba a haɗiye ba, ni kaina a azumin da na yi a daji ciza nake in tofar in kurkure baki. Amma ban taɓa gaya mata ba, ita kuma tana can kan tsauni ba wanda za ta tambaya, sai ta zaɓi tsare azuminta. Dattijon ya ce ba zai iya ba farar taswira maki ba, wannan gaskiya ce, amma in ta kawo cikakkiya kafin a koma karatu zai karɓa hannu biyu.

Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na kira masaukin da take, aka ce ta tattara kayanta tun jiya. Na tura saƙo ya fi a ƙirga, shiru. Ranar salla na yi girki na kasa ci.

Kwana biyu bayan salla na shiga jirgin safe zuwa Birmingham da ledar cincin a hannu, don kada a ce na zo hannu rabbana. Gidansu na cikin jerin gidajen jan bulo, da ɗan lambu a baya. Mahaifiyar tana wurin aiki, mahaifin ne ya buɗe mini. Mutum ne gajere, tsaf-tsaf, ko a gida rigarsa a goge. Muka gaisa, muka yi barka da salla, muka tambayi mutanen gida na nan da na can, sai da gaisuwa ta ƙare kakaf sannan ya gyara zama.

"Dakta, mun gode da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri. Amma ita da bakinta ta ce ta kasa. Ni ban matsa mata ba. Ga form ɗin pharmacy can a kan fridge, Monday za ta cike. At least wannan aiki ne na cikin inuwa."

"Alhaji, a ba ni minti goma da ita."

Ya kira ta. Ta sauko a hankali, ta rame, fuskarta ta yi duhu saboda rana da iskar tsauni. Ta durƙusa ta gaishe ni ba ta kalle ni ba. Na so in yi sanyi, amma halina ya rinjaye ni. Muna shiga kicin na rufe ta da faɗa.

"Ke yanzu don Allah wace irin yarinya ce? Sau huɗu ina kiranki kina ce mini fine! Bakinki ciwo yake? To na ji, ba za ki ciza da rana ba. Me ya hana ki ɗebo samples ki ajiye, in an sha ruwa ki gwada? Wannan ma sai an koya miki?"

Ta fita ta ƙofar baya zuwa ɗan ɗakin ajiyar da ke lambun, na hango ta tana jan wata jaka a ƙasa da hannu biyu. Ta shigo da ita da ƙyar, ta zuge. Cike take da ƙananan ledoji irin na ajiya a firji, kowace da ɓallin dutse a ciki, kowace an rubuta mata lamba da daidai wurin da aka ciro ta da ranar. Duk dutsen da ta rubuta wa "ba a tantance ba", ga shi nan. A bayanta ta riƙa sauko da su daga tsauni kullum, da azumi a bakinta.

"To da kika ɗebo, me ya hana ki gwadawa?"

Sai a sannan ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Na gwada wasu, Anti, bayan iftar. But I couldn't write it down. Ke kika ce abin da ban tabbatar a gaban dutsen ba kada in rubuta. Na ɗauka cheating ne. Na ɗauka in kika gani za ki ce na yi ƙarya."

Na nemi kujera na zauna. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara koyarwa. Na yi shekaru ina buga tebur da ƙa'idata ina jin daɗin kaina, ban taɓa tsayawa na faɗi inda ta tsaya ba. Dutsen da aka ciro aka sa masa lamba, ai shi ne dutsen, ko a ɗaki ko a tsauni, illa dai mutum ya rubuta a ina ya gwada. Jimla ɗaya ce, da na faɗe ta da duk wannan bai faru ba. Na ce mata laifina ne, ta yafe mini. Ta zaro ido, don ina jin ba ta taɓa jin babba ya ce mata haka ba.

Na ce ta kawo faranti da kofin ruwa da littafinta. Muka shimfiɗa jarida a kan teburin cin abinci, muka fara. Ta ɓantara ta ciza ta faɗa, ni ma in ciza in tabbatar, mu tofar a tsohon gwangwani, ta rubuta da jan biro cewa a gida aka gwada. Bakinta ya iya, da wuya take kuskure. Mun yi nisa sai ga mahaifin ya shigo ɗaukar ruwa. Ya tsaya turus yana kallonmu, mata biyu da hankalinsu suna cin duwatsu a teburinsa, leɓuna duk toka.

"Dakta, lafiya? Ko cincin ɗin ne bai isa ba?"

Na yi dariya na yi masa bayanin yumɓu da yashi. Na ɗauka zai yatsina fuska ya fita. Sai na ga ya ajiye kofin, ya matso. A lokacin ina riƙe da wani da na riga na yanke masa hukunci na ce yumɓu ne. Ya miƙo hannu na ba shi. Bai tambayi yadda ake yi ba. Ya ɓantara da farce, ya fara shinshinawa, ya taɓa da harshe, sannan ya kai haƙoran gaba ya murza a hankali, idonsa a lumshe.

"Akwai yashi a wannan," ya ce. "Kaɗan ne, amma akwai."

Na sake cizawa don in kare mutuncin digirina. Akwai yashi. 'Yarsa ta dube ni, ta dube shi, bakinta a buɗe.

Ya ja kujera ya zauna. Ya juya ɓallin dutsen a tafin hannunsa, da ya fara magana kuma ba Turanci ko ɗaya a ciki. Ya ce mahaifinsa mai haƙa rijiya ne a ƙauyensu. Duk zurfin gaba guda da aka sauka, sai tsohon ya ɗebi ƙasar ya sa a baki, da haka yake sanin ko ruwa ya kusa, ko kuma ramin zai rufta a fita. Shi kuma yana yaro shi ne mai jan guga a sama, kuma tsohon yakan sa shi ya ɗanɗana ƙasar kowane guga kafin ya zubar. A makarantar kwana yara suka samu labari, suka riƙa kiransa ɗan mai cin ƙasa. Tun daga nan ya ƙudura a ransa zai yi karatun da zai sa shi a ofis, kuma ba wani nasa da zai sake sa ƙasa a baki.

"Shi ya sa ranar da ta ce mini duwatsu, na ji kamar an mai da ni bakin ramin," ya ce.

Can ya juyo gare ni.

"Sati nawa take buƙata ta gama?"

"Biyu, Alhaji, in ta dage. Akwai wuraren da sai ta koma ta bi iyakar duwatsun da ƙafa."

"Ina da annual leave da ban ɗauka ba. Ni zan kai ta."

Haka kuwa aka yi. Makonni biyu yana ajiye mota a gindin tsauni, yana zaune da butar shayi da jarida, har ranar da ya gaji da zama ya ce a ba shi takalma. Daga akwatin ƙarƙashin gadona na zaɓo masa. Ta miƙa taswirarta ana gobe komawa karatu. Ba ta samu wani babban maki ba, dattijon malamin ba ya kyauta da maki, amma ta ci, kuma da shekara ta zagayo shi da kansa ya zo ya tambaye ni yaushe azumi zai kama kafin ya tsara fita. Yanzu tana aikin gwajin ƙasa kafin a kafa harsashin gini. In na kira ta ta ce lafiya lau, sai in ce na ji, to yanzu gaya mini.

Amma in na tuna da ita, teburin nan nake gani. Bayan mahaifin ya ce zai kai ta, ta kifa kai a kan littafinta ta yi kuka mai isarta, mu kuma muka ƙyale ta. Da ta ɗago ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi mahaifinta ta haɗa Hausarta da ƙyar.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mana labarin Kaka ba?"

Ya cire gilashinsa ya ajiye a gefe, ya naɗe hannun rigarsa mai guga har gwiwar hannu, ya jawo gwangwanin gabansa.

"Zan gaya miki a mota," ya ce. "Miƙo mini na gaba."